Ta iya canjin dubu a Kasuwar Monday, ta kasa ɗebe 38 daga 52

Da la'asar, a bakin Kasuwar Monday ta Maiduguri, inda 'yan Keke Napep ke cunkushewa suna kiran Bulumkutu da Tashar Baga, ba a rasa yarinya 'yar shekara goma ko sha ɗaya da faranti a ka. A ce wani bawan Allah ya tsayar da ita ya ɗauki ƙullin gyaɗa huɗu, kowanne naira 150, ya haɗa da dafaffen ƙwai ɗaya na 250, ya miƙa mata dubu. Kafin ya mayar da hannunsa aljihu ta kwance bakin gyalenta ta zaro masa 150. Ba biro, ba takarda, ba ƙirga da yatsu. Da magariba kuma za ta zauna gaban uwarta ta ba da lissafin abin da aka sayar da abin da ya yi kwantai da bashin da mai shagon kusurwa ya ci, kuma da wuya a sami giɓin naira goma.

Washegari da safe yarinyar nan tana zaune a aji huɗu. Malam ya rubuta 52 a allo, ya sa 38 a ƙarƙashi, ya ja layi ya ce a ɗebe. Ta rubuta 26. Jan biro ya bi ta kai, wani lokaci har da kalmar da ke bin yaro tsawon rayuwarsa: daƙiƙiya.

Ya kamata a tsaya a kan 26 ɗin nan, domin ba kame-kame ta yi ba. Ta dubi 2 da 8 ta ga ba a ɗebe babba daga ƙarami, sai ta juya su ta sami 6. Ta dubi 5 da 3 ta sami 2. Doka ta bi, sai dai dokar da ta ƙago wa kanta ce, saboda ba wanda ya taɓa nuna mata cewa 5 ɗin da ke cikin 52 goma-goma biyar ne a ɗaure, kuma ana iya kwance ɗaya daga ciki. Da malam zai ajiye alli ya ce mata, “Kina da ɗari biyar da ashirin, kin sayi abu na ɗari uku da tamanin, nawa ya rage?” da ta ce ɗari da arba'in tun bai rufe baki ba. A ranta ta cika 380 da ashirin ya zama 400, ta ɗora 120 a kai. Tambaya ɗaya ce, har ma ta biyun ta fi girma sau goma. Irin wannan kuskure ne ke sa yaro ya tara 27 da 15 ya sami 312, ko a ce ya rubuta ɗari da biyar ya rubuta 1005, wato ɗari tukuna sannan biyar, yadda kunnensa ya ji.

Masana sun daɗe da sanin wannan. A 1985 wasu masu bincike uku, Terezinha Nunes Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann, suka wallafa abin da suka gani a birnin Recife na Brazil. Sun riƙa sayen kwakwa da 'ya'yan itace a hannun yara masu talla, suna lura da yadda suke lissafi. A bakin titi yaran sun dace da kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyin. Da aka zaunar da su aka rubuta musu lambobin nan dai a takarda irin ta makaranta, sai abin ya faɗo ƙasa da kashi 40. Bayan shekara arba'in, a 2025, mujallar Nature ta buga wani bincike na su Abhijit Banerjee da Esther Duflo a kan yaran kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya, sakamakon kuma bai sauya ba. Sai ma ƙarin da ya fi tayar da hankali: 'yan makarantar da suka iya aikin takarda, su kuma sun kasa lissafin kasuwa. Kowane ɓangare ya riƙe rabin ilimin, ba gada a tsakani.

A Najeriya ma an auna. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya gwada yara masu shekara 7 zuwa 14 da abubuwa huɗu masu sauƙi: karanta lamba, gane wadda ta fi girma cikin biyu, tarawa, da cike gurbin lambar da ta ɓace a jeri. Aikin 'yan aji biyu ke nan. Kusan yaro ɗaya cikin huɗu ne kawai ya iya duka. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne, har da Legas da Anambra a cikin lissafin, don haka mai karatu ya ƙiyasta inda jihar da ta sha yaƙi za ta tsaya.

Don Maiduguri tana da nata ciwon na daban. Tun rikicin Yulin 2009 makaranta ta zama abin hari. A Maris na 2014 gwamnatin Borno ta rufe makarantun sakandarenta, wata guda kafin sace 'yan matan Chibok, kuma gine-ginen makarantu da dama a cikin gari suka koma masaukin mutanen da suka gudo daga Bama da Gwoza da Konduga da Dikwa da Marte da Kukawa. Wasu sai da aka kwashe kusan shekara biyu kafin a sake jin ƙararrawa a cikinsu. A 2017 UNICEF ta ce an kashe malamai fiye da 2,295 a arewa maso gabas, an raba wasu 19,000 da gidajensu, an lalata makarantu kusan 1,400, kuma fiye da rabin makarantun Borno suna rufe. Daga 2021 gwamnati ta soma rufe sansanonin cikin gari irin su Bakassi, iyalai suka sake ɗaura kaya, wasu suka koma garuruwansu, wasu suka watsu a unguwanni. Ana cikin farfaɗowa sai madatsar Alau ta ɓalle a daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumban 2024, ruwa ya shanye Gwange da Kasuwar Monday da kewayen fadar Shehu, a daidai makon da aka koma sabon zangon karatu. Aka sake rufe makarantu, aka sake shimfiɗa tabarmi a azuzuwa.

Abin da wannan ke nufi ga lissafi ya fi abin da yake nufi ga sauran darussa. Yaron da ya rasa darasin kogunan Najeriya yana iya shiga darasin duwatsu gobe ya fahimta. Lissafi kuwa jeren bulo ne. Wanda bai gane goma-goma ba ba zai gane aro ba, wanda bai gane ninkawa ba rabawa za ta zame masa tatsuniya, wanda bai iya rabawa ba ina shi ina kashi cikin ɗari. Yaron da ya zo daga Gwoza yana da shekara goma sha ɗaya, bai taɓa zama aji ɗaya ko biyu ba, in an kai shi makaranta tsawonsa ake dubawa. Ba za a haɗa ƙato da 'yan shekara shida ba, sai a tura shi aji huɗu. Can ya tarar ana raba lamba mai gida uku. Ya zauna a baya, ya kwafi abin da ke allo da kyakkyawan rubutu, ƙarshen shekara a ɗaga shi zuwa aji biyar tare da kowa.

A yi adalci, gwamnatocin Borno sun yi gini. Kashim Shettima ya bar manya-manyan makarantu masu benaye kafin ya sauka a 2019, Babagana Umara Zulum kuma ya ɗora da wasu, kuma duk wanda ya san yadda garin yake a 2014 ba zai raina wannan ba. Amma bene ba ya koya wa yaro aro. Gwamnatin da kanta ce ta fito da hujja mafi nauyi a kan haka. A Fabrairun 2022 kwamitin da ta kafa ya miƙa sakamakon gwajin karatu da lissafi da ya yi wa malaman firamare 17,229 na ƙananan hukumomi 27. Waɗanda aka samu sun cancanci koyarwa 5,439 ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Wasu 7,975 an ce suna da rauni amma horo zai gyara su. Sauran 3,815 an ce ko horon ba zai yi ba.

An yi ta yi wa malaman dariya a lokacin, dariyar da ba ta da wurin zama. Malamin da ya kasa lissafin firamare shi ma ɗan wata firamaren ce da ta ɗaga shi aji-aji ba tare da ya iya ba, sannan aka ɗauke shi aiki a kan albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata. Rukunin tsakiyan nan, kusan mutum dubu takwas, su ne ya kamata ido ya koma kansu. Da yawansu sun iya samo amsa, abin da ba su iya ba shi ne bayyana dalilinta. Haka aka koya musu: “boro wan”, “keri wan”, a rera “tu tayims tu, fo” har aji ya ɗauka kamar waƙar gaɗa. Tambayi yaron da ya rera har gidan sha biyu, tire shida kowanne da ƙwai bakwai, ƙwai nawa ke nan, sai ya yi zuru, ko ya koma farkon waƙar yana bi da yatsu. Aron me ake yi, daga wurin wa, kuma yaushe za a biya? Ba wanda ya faɗa masa.

Nan maganar harshe ta shigo, kuma a Maiduguri ba ƙaramar magana ba ce. A benci ɗaya ana iya samun ɗan Kanuri da ke ƙirga tilo, indi a gida, da ɗan Shuwa mai ƙirga da Larabci, da ɗan Babur, da ɗan Margi, da Bafulatani, dukkansu suna ciniki da Hausa a titi, sannan a ce su yi tunanin lamba da Turanci. Kalmomin Turanci na 13 da 30, ko 15 da 50, kusan ɗaya suke a kunnen yaron da ke zaune a layi na goma cikin hayaniya. Hausa kuwa tana faɗin abin ƙarara: goma sha uku, wato goma da ƙarin uku. Tana ma da ɗebewa a cikin bakinta, don tsoho in ya ce ashirin ba ɗaya, 19 yake nufi, ashirin ba biyu kuma 18. Ɗan kasuwan da ke cewa jaka biyar yana nufin naira dubu, ninka 200 yake yi sau biyar ba tare da ya kira abin ninkawa ba. Duk wannan jari ne da yaro ke shigowa da shi aji, makaranta ta sa shi ya ajiye a bakin ƙofa tare da takalmansa.

Manufar gwamnatin tarayya a kan haka sai juyawa take kamar waina. A ƙarshen 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa har shekara shida. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci tun daga tushe. Masu goyon bayan sokewar suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba: jarrabawar WAEC da NECO da Turanci ake yi, littattafan harsunan gida sun yi ƙaranci, kuma a ajin da ke da harsuna biyar, na wa za a ɗauka? Sai dai malamin da ke gaban yara a Gwange ba ya buƙatar takardar Abuja kafin ya ce “kwance goma ɗaya” da Hausa ko Kanuri, yaro ya gane, sannan ya ba shi sunan abin da Turanci. Malamai masu basira dama haka suke yi, a ɓoye, kamar masu laifi.

Abin da ya fi ban takaici shi ne maganin ba baƙo ba ne a Borno. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da wata hanya da ake kira TaRL, ma'ana koyar da yaro daga inda ya tsaya, kuma an gwada ta sau da yawa a binciken su Banerjee da Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019. Zambiya ta ɗauke ta tun 2016. A Najeriya kuwa Borno ce aka soma gwada ta a 2018, da hannun UNICEF da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Hanyar ba ta da wani sirri. Malam ya zauna da kowane yaro 'yan mintoci, baki da baki: ya san lamba mai gida ɗaya? Mai gida biyu fa? Ya iya ɗebewa da aro? Ya iya rabawa? Sai a raba yaran manyan azuzuwa rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, a manta da shekaru da tsawo na sa'a ɗaya ko biyu kullum. A zauna a tabarma da tsinkaye: goma a ɗaure da roba su zama ƙulli ɗaya, na warwatse su zama ɗaiɗai. Wanda ya ƙware ya matsa rukuni na gaba ko da a tsakiyar zango ne.

Ga yarinyar tallan nan da 52 a gabanta: ƙulli biyar da tsinke biyu. An ce ta ba da 38. Tsinke biyu ba za su ba da takwas ba, sai ta warware ƙulli ɗaya, tsinkaye suka zama sha biyu, ƙulli ya koma huɗu. Ta ba da takwas, ta ba da ƙulli uku, ta dubi abin da ya rage: ƙulli ɗaya da tsinke huɗu, 14. Canji ta nema, abin da take yi sau ashirin a wuni in an ba ta dubu ba ta da ƙananan kuɗi. Kuɗin kayan aikin duka bai wuce na tsintsiya ɗaya da ƙullin roba ba.

To me ya hana? Abu na farko, irin wannan aiki ya saba zuwa da motar ƙungiya ya tafi da ita. Ana horar da malamai, ana biyan alawus, wa'adin tallafi ya ƙare, tsinkaye su koma shara. Yanzu da kuɗin agaji na ƙasashen waje ke ja da baya, musamman tun da Amurka ta rushe hukumarta ta USAID a 2025, duk abin da bai shiga kasafin jiha da jadawalin makaranta ba ya kama hanyar mutuwa. Na biyu, mai duba makarantu in ya zo, littafin tsarin darasi yake buɗewa ya ga ko malam ya kai shafin da ya kamata a wannan mako. Malamin da ya tsaya ya koma baya don yara arba'in da aka bari, shi ne zai sha faɗa. Wanda ya ruga da manhaja yara biyar na gaba suna biye da shi, shi ne ya yi aiki. Muddin awon ke nan, ba malamin da zai zauna a tabarma.

Akwai kuma wasu yaran da ko an yi duk wannan za su ci gaba da wahala, kuma su ne aka fi zalunta. Masana sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari na mutane suna da wata tawaya ta musamman a fahimtar adadi, wadda wani masani ɗan Cekoslobakiya, Ladislav Kosc, ya bayyana a 1974, ana kiran ta diskalkuliya. Irin wannan yaro yana iya zama mai kaifin baki, mai haddar Alƙur'ani, amma a zuba masa tsakuwa huɗu sai ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce huɗu, a tambaye shi 7 da 9 wanne ya fi ya yi jim, agogo da canji su riƙa rikita shi har girma. Alamar da ke bambanta shi da 'yar tallan can ita ce shi a kasuwar ma yana faɗuwa. A aji mai yara sittin, biyu zuwa huɗu ke nan. Bulala ba ta ƙara masa komai sai tsoro, tsoro kuma yana cinye ɗan wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe lamba kafin ta gama aiki da ita. Haka abin yake ga yaron da ya kwana da yunwa ko wanda har yanzu ƙarar tayar mota ke sa shi firgita. Abin da yake buƙata shi ne ƙaramin rukuni, kayan taɓawa, maimaici da haƙuri, kuma gwajin baki da bakin nan ne kaɗai zai fito da shi daga cikin taro.

Masu cewa lissafi kayan boko ne da bai dace da jinin yankin ba, su tuna ƙasar da suke magana a kanta. Borno ce ake tura ɗalibai daga Kano da Katsina da Damagaram neman tilawa. Malamin da ke raba gado yana aiki da rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi, yana nemo asalin mas'ala, wanda shi ne ainihin abin da ɗan aji shida ke kuka a kansa in an ce ya tara kashi-kashi masu mabambantan gindi. Mai fitar da zakkar kuɗi ɗaya cikin arba'in yake cirewa. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi su ba da jimla ɗaya ta kowace fuska, kuma masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har yau. Matan da ke ɗinkin hular zanna a unguwannin Maiduguri, da yawansu 'yan gudun hijira, ƙirga zare suke yi don zane ya daidaita hagu da dama. Tsofaffin da ke buga dara a gindin dalbejiya da 'yan matan da ke carafke duk a cikin adadi suke.

Iyaye ma suna da abin yi wanda ba ya cin ko sisi, ko da ba su taɓa shiga aji ba. Uwar da ke karɓar cinikin talla da magariba tana iya cewa, “'Yar nan, rubuta mini shi a takarda in gani,” yayan yarinyar da ke sakandare ya duba ko abin da ta rubuta ya yi daidai da abin da ta faɗa. Uban da ya je sayen mudun gero da ɗansa ya bar shi ya faɗi canji kafin mai awo ya faɗa.

Gwamna Zulum, wanda farfesan injiniya ne, ya yi suna da dirar bazata a makarantu da sassafe don ya ga malamin da ya zo da wanda ya makara. Zuwa na gaba, bayan an duba rajistar malamai, da zai zaɓi yara goma daga bencin baya na aji biyar, ya ba kowanne alli ya ce ya ɗebe 38 daga 52, ya sa a rubuta nawa suka samu 14, ya kuma gaya wa shugaban makarantar cewa zai dawo bayan wata uku da wata tambayar irinta. Hukumar ilimin bai-ɗaya kuma ta riƙa neman wannan adadi daga kowace firamare a Maiduguri da Jere sau uku a shekara, a manna shi a ƙofar ofishin hedimasta inda iyaye za su gani.